Za a iya ƙera jirgin shawagi mai ɗaukar mutum ɗaya a Maradi?

Tambaya: Baba, ni kafinta ne a nan Maradi, shekarata goma sha ɗaya a sana'a. Na ga bidiyon wani Bature da ya ƙera jirgin sama marar inji a garejin gidansa, da katako da yadi, ya shiga shi kaɗai ya tashi. Abin ya hana ni barci. Ina asalin wannan jirgi, yaya ake tsara shi, kuma zan iya ƙera irinsa da katakon da ke kasuwarmu?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ya hana ka barci shi ya hana ni barci ina saurayi. Aikin gyaran jiragen sama na yi har na ajiye, kuma lokacin da aka tura ni ƙaro ilimi Faransa na shiga wata ƙungiyar masu tuƙa irin wannan jirgi, na koyi tashi da shi, muka kuma kwashe kusan shekara biyu muna sake gina fikafikan wani tsohon jirgin katako a rumfar ƙungiyar. Faransawa suna ce masa filanar, masu Ingilishi gilaida. Ni jirgin shawagi nake ce masa, don aikinsa ke nan.

Hannun kafinta mai shekara goma sha ɗaya zai iya wannan aiki, har ya fi hannun da yawa daga cikin masu yin sa a gareji, waɗanda ba kafintoci ba ne. Katakon kasuwarmu kuwa ba zai yi ba, aƙalla a wuraren da ranka zai rataya. Zanen jirgin kuma ba kai za ka ƙirƙira ba, na wani da aka daɗe da jarrabawa za ka bi. Bari in warware maka dalili, don in ka gane dalilin ba sai an tsare ka da sanda ba.

Tun daga lokacin da jirgin shawagi ya saki igiyar da ta ja shi sama, gangarowa yake yi. Nauyinsa shi ne injinsa, kamar mai keke da ya saki feda a gangare. Yana ɗan sunkuyar da kai, nauyi ya ja shi gaba, iska ta ratsa sama da ƙasan fiffike, fiffiken ya karkatar da ita ƙasa, ita kuma ta tallabe shi. Mai kyau yana sauka ƙasa da mita 1 a kowane daƙiƙa. To yaya ake yi mutum ya kwashe awa biyar a sama? Fita da hantsi a watan Afrilu ka dubi shirwa ko ungulu. Ba sa kaɗa fiffike, kewaye kawai suke yi suna ƙara nisa. Rana ta gasa faƙo da kwalta da rufin kwano, iskar da ke bisansu ta yi zafi ta yi sauƙi, sai ta ɓalle ta hau kamar hayaƙin da ba a gani, mita 2 ko 3 a daƙiƙa, wani lokacin ma fiye. Tsuntsun yana gangarowa, amma cikin iskar da hawanta ya fi gangarowarsa sauri. Guguwar da ke murɗa ƙura da leda a fili, gindin irin wannan iska ce. Matuƙi shi ma sai ya shiga ya yi ta kewaye har ya kai inda ta ƙare, ya miƙe ya nemi wata.

Ma'aunin da ake auna kyan jirgi da shi shi ne nisan da zai ci gaba kafin ya yi asarar mita 1 na tsawo. In an ce lissafinsa 24, to daga tsawon mita 1,000 zai yi tafiyar kilomita 24 in iska na kwance, wato kusan Maradi zuwa Madarunfa. Mai lissafi 10 daga wannan tsawon da ƙyar ya ga Tibiri. Riƙe wannan lamba, za mu yi ta komawa gare ta.

Tarihin ya fi yadda ake zato tsufa. Malamin tarihi Al-Maƙƙari ya ruwaito cewa Abbas ɗan Firnas, masani a Ƙurɗuba ta Andalus a ƙarni na 9, ya ɗaura fikafikai ya yi tafiya a iska, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. Ruwayar ta zo ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, amma darasin da ke cikinta daidai yake da abin da injiniyoyi suka tabbatar daga baya. George Cayley na Ingila shi ya fara raba aikin gida-gida, fiffike ya ɗaga, wutsiya ta daidaita, kuma a 1853 jirginsa ya ɗauki mutum ya ƙetare wani ɗan kwari. Sai Otto Lilienthal na Jamus, wanda ya kwashe shekaru yana nazarin shawagin wani tsuntsu ɗan'uwan shamuwarmu. Daga 1891 zuwa 1896 ya yi tashi wajen 2,000 da fikafikan da ya yi da rassan itace da yadin auduga, har tudu mai tsawon mita 15 ya gina kusa da Balin don ya riƙa dirowa daga kai. Da jikinsa yake tuƙi, yana lilo da ƙafafu. Ran 9 ga Agusta 1896 iska ta ɗaga hancin jirgin, gudunsa ya mutu, lilon ƙafa bai isa ya dawo da shi ba, ya faɗo daga kimanin mita 15. Washegari ya rasu.

'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke, sun ɗauki darasin mutuwarsa. Kafin su sa inji a 1903, jiragen shawagi uku suka ƙera, a 1900 da 1901 da 1902. Na 1901 ya ba su kunya, sai suka haɗa akwatin hura iska suka gwada siffofin fiffike kusan 200, sannan suka yi na 1902 wanda ake iya sarrafa shi ta fuska uku: sunkuyo da ɗaga kai, karkata gefe, da juya hanci. Ka lura, daga ɗan Firnas har Lilienthal, samun ɗagawa bai gagare su ba. Daidaito da sarrafawa su suka kayar da su. Har yau abin da ke kashe masu ƙera jirgi a gida ke nan.

Jirgin shawagi irin wanda ka gani, a Jamus ya girma. Bayan yaƙin duniya na farko yarjejeniyar Barsai ta 1919 ta ɗaure wa Jamusawa hannu a harkar jirage masu inji, sai ɗalibai da tsofaffin matuƙa suka koma dutsen Wasakufe, inda aka yi gasar farko a 1920. Da farko tashin 'yan mintoci ake yi. A 1922 wani jirgi mai suna Vampyr, wanda aka tsara a Hanoba, ya yi awa ɗaya a sama, cikin kwanaki kaɗan kuma ya wuce awa uku. Wannan jirgi ya kamata kafinta ya san shi, don shi ya yaɗa dabarar rufe goshin fiffike da siririn falanki ya zama kamar bututu, dabarar da za ka yi aiki da ita in ka kai ga ginawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 suka fara ɗaukar agogon da ke nuna ko hawa ake ko sauka, suka koyi kewaye cikin iska mai zafi, suka daina dogaro da dutse.

Tun daga nan gini a gida ya zama jinin wannan wasa, don ƙungiyoyin matalauta ne, zane suke saye su ƙera da kansu. Zögling na Alexander Lippisch, na 1926, da magajinsa SG 38 na 1938, kujera ce kawai bisa katako a fili, fiffike a sama, wayoyi sun ɗaure. SG 38 faɗin fikafikansa mita 10.4, lissafinsa bai wuce 10 ba, an ƙera wajen 10,000. Mutane ne ke jan igiyar roba su harba shi daga tudu kamar ɗanko. Wanda ya fi shiga raina shi ne Grunau Baby na Edmund Schneider, na 1931: mazaunin mutum ɗaya, gangar jiki ta falanki mai kusurwa shida, sanda ɗaya tana tokare kowane fiffike, faɗi wajen mita 13 da rabi, lissafi 17. An ƙera kusan 6,000 a ƙasashe da dama, da yawansu a rumfunan ƙungiyoyi. Ba gudu gare shi ba, amma yana da haƙuri da ɗan koyo, kuma komai nasa an yi shi ne don mai zarto da gam ya iya.

Bayan yaƙi na biyu Bafaranshe Charles Fauvel ya fito da AV.36, wanda ya fara tashi a ƙarshen 1951, fiffike ne zalla kusan mita 12 ba doguwar wutsiya, kuma an gina shi daga zane a ƙasashe da yawa. Yana burge ido, amma ban ba ɗan fari shawarar ya fara da shi ba, don jirgi marar wutsiya 'yan santimita kaɗan yake yafewa in nauyi ya goce. A Amurka Stan Hall ya tsara Cherokee II a 1956 musamman don mai ƙerawa a gida, katako da yadi, mita 12.2, lissafi 23. Jim Maupin ya biyo da Woodstock a 1978, mita 11.9, nauyinsa ba kowa a ciki wajen kilo 107, lissafi 24. Ina kyautata zaton irin ɗayan waɗannan ka gani. A gefe guda kuma, tun 1957 da ɗaliban Shitutgat ta Jamus suka tashi da Phönix, jirgin farko na zaren gilashi, masana'antu suka yi wa katako nisa. Na gasa a yau lissafinsu ya kai 50, wani ma kusan 70. Klaus Ohlmann ya yi kilomita 3,008 a yini ɗaya a Ajantina a 2003, ba inji na jan sa. Wannan ba aikin gareji ba ne, kada ka auna kanka da shi.

Yanzu mu shiga cikin jirgin. Ka san azara a ɗakin soro, ita ke ɗauke da rufi duka. Fiffike ma yana da azararsa, tana tafe daga gindi zuwa ƙarshe, kuma duk nauyinka da na jirgi a kanta yake. A jikinta ake jera haƙarƙari, kowane an yi shi da 'yan siraran sanduna da ba su kai kaurin fensir biyu ba, su ke ba fiffike siffarsa. Daga azara zuwa goshi a rufe da falanki mai hawa-hawa, wanda kaurinsa bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, shi ke hana fiffike murɗewa. Daga azara zuwa baya yadi ne. A bayan kowane fiffike wajen ƙarshe akwai kunne mai motsi, na dama ya ɗaga na hagu ya sauka, jirgi ya karkata. A wutsiya akwai faifai na kwance da ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da na tsaye da ake takawa da ƙafa. Sai birkin iska, allunan da ke fitowa daga fiffike su ɓata ɗagawa, don wanda ba shi da inji sau ɗaya yake da damar sauka, ba ya cewa bari in zagayo.

Me ya sa fikafikan suke da tsawo da siranta? A ƙarshen kowane fiffike iska tana zillewa daga ƙasa zuwa sama tana murɗawa, wannan murɗawar tana cin ƙarfi. Dogon fiffike siriri yana rage ta, lissafi ya hau. Amma duk mita ɗaya da ka ƙara, ƙarfin da ke son karya azara a gindi ya ƙaru, dole ka ƙara mata kauri, nauyi ya hau. Shi ya sa masu tsara na gida suka tsaya wajen mita 12. Kowane abu a jirgi ciniki ne aka yi tsakanin ƙarfi da nauyi, kuma a nan kafintoci suka fi faɗawa rami. Ɗabi'armu in muna shakkar abu sai mu ƙara masa katako. A jirgi, rabin kilo da ka ƙara a wutsiya don "ta yi ƙarfi" yana iya buƙatar kilo biyu na darma a hanci kafin ma'auni ya dawo.

Ma'aunin nan shi ne ran jirgi. Akwai wurin da in ka tokare jirgi da matuƙinsa zai tsaya daram, ba ya rinjaya gaba ko baya, shi ne cibiyar nauyi. A jirgi mai wutsiya tana zama ne wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auno daga goshi, kuma mai zane yana rubuta iyakarta da milimita. In ta yi gaba da yawa, hanci ya yi nauyi, wajen sauka ka ja sandar tuƙi ya ƙi ɗagowa. In ta yi baya, wannan ita ce mai kisa. Fiffike yana da iyakar kusurwar da zai fuskanci iska. Ya wuce ta, iska ta suɓuce daga bayansa, ɗagawa ta yanke. A irin waɗannan jirage hakan na faruwa in gudu ya faɗi zuwa wajen kilomita 45 ko 55 a awa. Jirgi mai daidaito da kansa zai sunkuya ya nemi gudu. Wanda nauyinsa ya koma baya sai fiffike ɗaya ya faɗi, ya shiga juyin katantanwa, kuma mai yiwuwa ba zai fita ba har ƙasa. Saboda haka ake ɗora jirgi a sikeli a yi lissafi bayan an gama, bayan kowane gyara, har bayan fenti. Matuƙi marar jiki kuma dole ya sa darma a ƙarƙashin kujera.

Kada ka ce ai mai hankali zai iya tsara nasa. Henri Mignet Bafaranshe ne mai basira, a 1934 ya wallafa yadda kowa zai ƙera ɗan ƙaramin jirginsa mai inji, mutane ɗaruruwa suka kama. Cikin 1935 da 1936 aka yi ta mutuwa iri ɗaya: jirgi ya sunkuya, matuƙi ya ja sanda, sunkuyon ya ƙaru. Sai da aka sa shi a babban ɗakin hura iska a Faransa da Ingila aka gano aibin yana cikin tsarin fikafikan, aka hana tashi da shi har aka gyara. Masu ƙerawar ba su yi ha'inci ba, zanen suka bi. In wanda ya yi shekaru yana gwaji ya yi irin wannan kuskure, ina ga wanda ya kwafo siffa daga bidiyo? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Nemi cikakken zane na jirgin da aka ƙera da yawa aka kuma yi shekaru ana tashi da shi, ka bi shi ba ƙari ba ragi.

Sai batun katako. Azara ana yin ta ne da itacen ƙasashen sanyi, sifurus ko fir ko zaɓaɓɓen fayin, saboda ƙarfinsu in aka gwada da nauyinsu. Ba kowane falle ba ma: ba ido ko ɗaya, jijiya a miƙe, kada ta goce fiye da santimita 1 cikin 15, zoben shekaru a matse. Akwai kuma wani aibi da ba a cika gani ba, in bishiya ta faɗi da ƙarfi wajen sara jijiyoyinta sukan tauye a ciki, katakon ya yi kyau a ido, ranar da aka ɗora masa kaya ya ɓalle kamar karas. Maɗaci ya yi nauyi, kuma jijiyarsa a harɗe take. Farin katakon da ake kawo mana daga kudu yana da sauƙi, amma ba shi da ƙarfin azara, ƙwaro kuma na son sa. Dogon yaro da turare kada ma a kawo zancensu. Falanki mai hawa-hawa na kasuwa, wanda kake yin bayan kabad da shi, yana da ramuka a ciki, gam ɗinsa ba ya jure ruwa. Na jirgi da itacen barc ake yi, ko okume na Gabon wanda Faransawa ke amfani da shi a ƙananan jiragensu na katako, kuma yana zuwa da hatimin gwaji. Waɗannan sai an yo odarsu, a nan kuɗin zai tafi.

Kai ka fi ni sanin abin da yanayinmu ke yi wa katako. Ƙofar da ka ɗaura da damina tana cizo, da hunturu sai ka ga haske ta gefenta. Katakon jirgi yakan iso da ɗanshin ƙasarsu, a nan zai ci gaba da bushewa yana tsukewa. Ka bar shi ya yi watanni a inuwa ya saba kafin ka yanka, ka shafe ciki da waje da banish, ka huda 'yan ramukan fitar ruwa yadda zane ya nuna, ka ɗaga komai daga ƙasa saboda gara.

Gam shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don a jirgin katako ƙusa ba ta riƙe komai, danne haɗi kawai take yi kafin gam ya kama. Tsohon jirgin da muka gyara an haɗa shi da gam ɗin da ake yi daga madara, wanda ake amfani da shi a da. Daga waje lafiya lau. Da muka yaye yadi na sa yatsa na taɓa wani haƙarƙari, sai ya rabu da azara ba ko ƙara, ɗanshi ya cinye gam ɗin ya zama gari. Watanni kaɗan kafin nan mutum ya tashi da jirgin. Tun ranar ban ƙara yarda da haɗin da ban gwada ba. Farin gam na shago yana saki da zafi da ɗanshi, ba shi da wuri a nan. Ana amfani da rizosinol, mai launin jini, wanda ke son haɗi ya zauna cif a kuma matse shi, ko efoksi na jirgi da ake aunawa daidai. Zafinmu yana sa su daskare kafin ka gama shafawa, saboda haka aikin gam na asuba ne, kaɗan-kaɗan. Duk kwaɓin da ka yi, haɗa guntaye biyu da shi, ka rubuta kwanan wata, in ya bushe ka fasa da guduma. Katakon ne ya kamata ya yage. In gam ya rabu fes, duk abin da ka haɗa da kwaɓin ranar sai a sake. In za ka ƙara tsawon katako kuma, fiƙe bakin biyu za ka yi a kwance, tsawon fiƙar ya ninka kaurin sau 15, da abin fira mai kaifi.

Yadin a yau foliyesta ne na musamman da ba a riga an tsuke shi ba. A manna shi, a bi shi da dutsen guga na lantarki da aka auna zafinsa, a fara wajen digiri 120 a ƙare wajen 175, ya ɗame kamar fatar kalangu. Rana tana cin sa, don haka ana shafa masa fenti mai garin alminiyom kafin farin fenti, kuma a Maradi fari kawai zan yarda da shi. Ƙarafan da ke haɗa fiffike da jiki, da kusoshi masu noti, da wayoyin tuƙi, duk na jirgi za ka saya. Ƙarfen ƙofa da notin babur ba su san wannan aiki ba.

In an gama, ba a yarda da ido. Ƙa'idar Turai ta ce jirgin shawagi ya ɗauki ninkin nauyinsa sau 5.3 ba tare da ya lalace ba, kuma kada ya karye sai an ƙara rabin wannan a kai. Jirgi da matuƙi kilo 200 ke nan ya zama sama da tan ɗaya, kusan buhun siminti 21. Ana kifar da jirgin, a jera jakunkunan yashi bisa fikafikan yadda injiniya ya rarraba, a auna lanƙwasa, a sauke, a ga ko ya koma yadda yake. Malaman makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ko na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su iya taya ka wannan lissafi, ka jawo su tun da wuri.

Samaniyar Maradi kuwa, da bazara, Turawan da na yi tashi da su za su yi kwaɗayinta: rana mai ƙarfi, ƙasa busasshiya, iska mai hawa sosai. Amma tana da nata sharri. Iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi na buƙatar ƙarin gudu da ƙarin fili kafin ya tashi. Ƙurar hunturu tana rufe ƙasa. Iskar da ke gaban hadarin damina tana iya kifar da jirgi ko a ƙasa yake a ɗaure. Ba mu da tudun harbawa, sai dai mota ta ja da doguwar waya a fili mai tsawon kilomita ɗaya da rabi ko fiye, da ƙugiyar saki ta gaske, da wata mahaɗa da aka yi ta don ta tsinke in ja ya yi yawa. Gonakinmu kuma, gawo da sauran itatuwan da sassaben zamani ya dawo mana da su, waɗanda alheri ne ga manomi, ga mai neman wurin sauka da fiffike mita 12 tarko ne, ga kunya ga kututturen gero. Iyakar Najeriya tana nan kusa ta Ɗan Isa, ga filin jirgin sama a gari, ga halin tsaro da ake ciki. Kafin ka sayi falle ɗaya, rubuta wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, a Yamai, ka faɗi abin da kake nufi, ka ji sharuɗɗansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da zan roƙe ka da girman Allah shi ne kada jirgin da ka ƙera ya zama malaminka. Mazauni ɗaya gare shi, ba mai karɓar sanda in ka rikice. A zamanin SG 38 haka ake koyo, ɗalibi shi kaɗai malami na ihu daga ƙasa, an kuma daina ne saboda yawan jirage da ƙasusuwan da aka karya. Yau ana koyo a mai mazauni biyu, tashi gommai kafin a sake ka. In waya ta tsinke kana mita 50 hanci a sama, daƙiƙa biyu gare ka ka tura sanda gaba, alhali duk jikinka yana ce maka ka ja. Wannan ba a koyon sa a waya ko a littafi. Akwai ƙungiyoyi a Faransa da Jamus da Afirka ta Kudu masu karɓar ɗalibai. Tashin farko na sabon jirgi kuma gogaggen matuƙi ake ba.

Ga abin da za ka iya farawa da shi a makon nan ba tare da izinin kowa ba. Yi ƙaramin jirgi mai faɗin mita ɗaya da rabi da farin katako da ɓargon kara irin wanda kuke motoci da shi kuna yara, ka rufe da takarda ko leda. Je fili da sassafe ka wurga shi a hankali. Manna masa ƙusa a hanci, ka matsar da ita baya kaɗan-kaɗan, kana kallo, har ka ga inda ya fara ɗaga kai yana faɗuwa yana sake ɗagawa. Ranar da ka ga wannan da idonka, ka fahimci mutuwar Lilienthal fiye da yadda zan iya rubuta maka. Bayan nan, in zane ya zo hannu, buga ma'aunin haƙarƙari a bisa allo, ka yi guda biyar. Ɗora kowane a sikelin masu zinariya, ka ga ko nauyinsu ya zo ɗaya. Karya biyu ka duba inda suka karye. Sauran ukun ka ajiye ɗaya a ɗaki, ɗaya a rumfa, ɗaya a ƙarƙashin kwano, su ga hunturu su ga damina, sannan ka kawo mini su mu duba haɗin tare.